Zanen da Na Rufe a Tukunyar Tagulla

Da sunan Mai rufa asirin bayi, wanda yake gani bai tona ba, yake ji bai yayata ba. Shi ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya halicci ciki ya yi shi ba don tuwo kaɗai ba. Bayan haka, ku gyara zama ku ji abin da ya raba ni da garinmu, ni Yalwa 'yar Nomau, dillaliya jikar dillaliya, mutuniyar Birnin Shuɗi a ƙasar da wata biyu ke fitowa. In kun ji muryata tana hawa ku yi haƙuri, ba da ku nake ba. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Dillanci a baki saye da sayarwa ne, amma a gaskiya rufin asiri ne. Mace in matsi ya same ta, sai ta kira ni ƙuryar ɗaki ta miƙo mini tasa ko zane. In ƙunshe, in kai wata unguwa, in dawo mata da abin da aka samu. Mai saye ba ta san mai sayarwa ba, maƙwabta ba su san tukunya ta kusa kifewa ba. Haka kakata ta yi, haka uwata ta yi, ba a taɓa jin kanmu ba.

Ana nan sai attajiran birnin, da shugabansu Magajin Kasuwa Dogara, suka kawo wata ƙwaya daga hayin teku. Ba ta kai ƙwayar riɗi girma ba. Ana dasa ta a gefen zane, a dunduniyar takalmi, a gindin ƙwarya. Ba ta ci ba ta sha, barci kawai take sai an kira ta. Suka bi kowace ƙofa da kowace kwana suka kakkafa turaku masu hura wata iska da ido ba ya gani. Duk ƙwayar da ta zo kusa da turke sai ta farka ta faɗi sunanta, suna ɗaya tak da ba ta sauyawa. Sunan ya bi ƙarƙashin ƙasa ya faɗa wata rijiya a gidan Magaji, inda masu saurare ke zaune kewaye, su kuwa sun san wanda ya sayi kowane abu. Suka ce ƙwayar shaida ce, maganin ɓarayi da masu jabu. Suka kafa doka cewa duk kayan da ba ƙwaya a jikinsa kayan sata ne. Mu mata muka raɗa mata 'yar tsegumi.

Kafin shekara ta zagayo, garin ya zama abin takaici. Kana tafiyarka sai mai rumfa ya ƙwala maka kira, wai takalminka ya tsufa ka zo ka sake. Wani dattijo mai mutunci ya sayi maganin basir da safe, kafin azahar masu sayar da matashin zama sun yi layi a ƙofar gidansa suna yi masa sannu. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne, duk matar da kayan ɗakinta ya fita kasuwa, rijiya ta ji. Washegari masu sayen gidaje a wulaƙance su sauka mata kamar ungulaye, domin Magaji yana sayar musu da labarin wanda ruwa ya ƙare masa.

A cikin wannan hali wata tsohuwa ta aiko kirana. Ba za ku ji sunanta a bakina ba, Wance zan ce mata. Gidansu yana cikin manyan gidajen da suka gaji ajiye tuwo a zaure kowace Juma'a, baƙo da ɗan gari kowa ya ci ya wuce. Mijinta ya rasu, dukiya ta bi shi, amma akushi bai daina fita zaure ba. Na riga na sayar mata da tsofaffin kayan da suka girmi zamanin ƙwaya, da su take sayen hatsin. Ranar ta jawo wata tukunyar tagulla daga ƙarƙashin gado, don mata sun gano cewa 'yar tsegumi in an rufe ta cikin tagulla ba ta jin kira.

Ta ce, "Yalwa, saura wannan. Zanen saƙin da marigayi ya saya mini ne, shi kaɗai ya isa ya riƙe zauren nan shekaru. Amma da ƙwaya a jikinsa."

Na ce, "Inna, ko a daina fitar da tuwon ne? Ai Allah ya ga zuciya."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Ranar da aka san ba mu da shi, ko na fitar ba mai ci. Wa zai ci sadakar wanda ya fi shi yunwa? Su zo suna yi mini kallon tausayi a zauren mijina? Gara a fitar da gawata ta nan. Hatsin da ya rage zai kai mu kaka. Ki san yadda za ki yi, 'yar nan, amma kada zanen nan ya faɗi sunan gidana."

Na ɗauki tukunya na fita, zuciyata tana tafasa. Ban zarce ko'ina ba sai gaban Magaji. Na durƙusa na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, mun ji ƙwaya maganin ɓarawo ce, mun gode. Amma abin da mutum ya saya da guminsa, don me zai riƙa kai rahotonsa? A bar kaza cikin gashinta mana."

Ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, ya ce, "Wanda ba shi da laifi, me zai ɓoye?"

Na ce, "Ashe wandon nan naka ma don laifi ka sa shi, ranka ya daɗe? Kuma na ga zinarin da ke taskarku ba a dasa masa ƙwaya ba."

Fadawa suka yi ca a kaina. Shi kuwa idonsa yana kan tukunyar. Ya ce in buɗe, na ce doka ba ta hana rufe tukunya ba tukuna. Aka tunkuɗo ni waje. Baki shi ke yanka wuya, na sani, amma ko yau aka maimaita haka zan faɗa. Daga ranar ya haɗa ni da wani bawansa mai suna Cindo, dogo mai sanyin murya, yana riƙe da sanda mai aikin turke. Umarninsa ɗaya ne: ya kasance kusa ranar da murfin zai ɗaga.

Na taɓa jin fatake suna cewa can bayan Tekun Gishiri akwai mutanen da kayansu ke da ƙwaya amma ba wanda ya san cikin wani. Na ɗaure murfin da igiya, na naɗa gammo, na kama hanyar gabas.

Farkon inda na isa shi ne Kwazazzabon Tsawa. Mutanensa maƙera ne, suna kama walƙiya da damina su ɗura a tuluna. Sun tsani ƙwaya fiye da yadda na tsane ta, duk kayan da zai shiga garinsu sai an buɗe tulu an ƙone ƙwayarsa a bakin ƙofa. Da farko na ji daɗi, na ce ga maza. Sai na tuna zanen da aka kashe wa ƙwaya a garinmu kayan sata ne, ko kyauta ba mai karɓa. Na juya zan fita daga layi, sai na ga Cindo a bayana, ya jingina da sandarsa.

Ya ce, "Sannu da hanya, Yaya Yalwa. Ko in kama miki kayan?"

Na ce, "Allah ya kiyashe ni da taimakonka."

Mai tsaron ƙofa, wani ƙato mai ƙonannen gemu, ya miƙo hannu ya kama igiyar murfin. Gaba tsawa, baya sanda. Sai na saki murya iyakar ƙarfina na ce, "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Namiji da gemunsa zai buɗe tukunyar tsummokaran jego! Kai ba mace ta haife ka ba? Buɗe mana, buɗe ka ga abin da uwarka ta ɓoye wa ubanka!" Matan da ke layi suka ɗauki salati da tafa hannu. Ƙaton ya saki igiya kamar ya taɓa garwashi, ya kau da fuska, ya ce in wuce don girman Allah. Na wuce ina ta masifa har na ɓace musu. A cikin garin kuwa na ga abin da kisan ƙwaya ya jawo: kasuwarsu cike da jabu, mai gaskiya da maƙaryaci farashinsu ɗaya. Ban kwana ba na fice.

Daga nan na faɗa Fadamar Na'am, gari ne da aka gina bisa dogayen itatuwa a kan ruwa. Kowa a can yana rataye da wani dutsen wuya mai siffar kwaɗo. Aikinsa shi ne duk sunan da turke ya kira, sai ya amsa da na'am. A kira zane, na'am. A kira raƙumin da ya mutu bara, na'am. Mai saurare ya ji duniya gaba ɗaya tana tsaye a wuri ɗaya, ya rasa na kamawa. Na ga Cindo a kan gada yana girgiza sandarsa, tana ta kuka har ta yi zafi ya jefa ta cikin guga. Rabona da dariya irin ta ranar tun kafin zuwan ƙwaya.

Na tambayi wata mai sayar da kifi ko wannan ne maganin da nake nema. Ta ce, "Baƙuwa, maganin mai saurare ne, amma mu ma ya kurmantar da mu. Ko nawa kayan in na kira ba na jin amsarsa. Ɓarayi sun fi kowa son kwaɗon nan." Na ga gaskiyarta. Na kuma san ranar da kwaɗo ya shiga Birnin Shuɗi, kafin la'asar Magaji ya haramta shi. Duk da haka na riƙe abu ɗaya a raina: mai neman gida ɗaya, in an nuna masa gidaje da yawa, bai samu komai ba.

A fadamar ce kuma na gane wautata. Duk kwanakin da na yi a cikinta Cindo bai san masaukina ba, amma ina fita, a zangon farko sai ga shi yana alwala yana yi mini barka da isowa. Na zauna na dubi kaina daga sama har ƙasa. Idona ya sauka a kan takalmina. Ashe turakun attajirai sun bi hanyar fatake zango zango, ni kuwa na rufe bakin zane na bar ƙafata tana shela. Kunya da haushi suka rufe ni. A zangon akwai ayarin kunkuru masu girman rumbu, suna ɗauke da kanwa za su yi arewa. Na cusa takalman a cikin wani buhu, na yi musu fatan alheri. Da safe na hango Cindo ya bi ayarin da sauri, har tausayi ya kusa kama ni, sai na fasa.

Tekun Gishiri ba ruwa a cikinsa, farin dandali ne mai kaifi, ni kuwa ba takalmi. Ba zan ba ku labarin ƙafata ba don kuna cin abinci da hannu. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin rumbun Wance yana raguwa kowace Juma'a. Da na ga zan faɗi sai in zagi Magaji da ƙarfi, in ji ƙarfi ya dawo mini.

A ƙarshen gishirin akwai wani tsauni da gajimare ke rufe wa kai kullum, a bisansa Garin Alkunya yake. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba wanda ya tambaye ni me ke cikin tukunya. Aka wanke mini ƙafa, aka ba ni fura, aka kai ni wurin shugabar makarantar hisabi, wata dattijuwa mai suna Malama Hakama, wadda ɗalibanta suka cika tsakar gida suna lissafi da tsakuwa. Na gaya mata damuwata ban ambaci gida ba, ita ma ba ta nema ba.

Muna zaune sai wata mata ta leƙo daga maƙwabta tana kiran ɗanta na fari, wani magidanci da ke gyaran danga. Ta ce, "Kai mai dangar nan!" Ya amsa. Jim kaɗan ta ce, "Maƙi-zama, ruwanka na sanyi!" Ya amsa. Malama ta ce, "Kin ji? Ko shekara kika yi a nan ba za ki ji sunansa na yanka a bakinta ba, kuma bai taɓa kasa gane da shi take ba."

Na ce, "Malama, ai mu ma haka muke. Wace uwa ce za ta kama sunan ɗan fari?"

Ta ce, "To ku da kuka san wannan, me ya sa kuka bar kayanku ba tarbiyya? Ƙwayarku ba muguwa ba ce, rashin kunya ke damunta. Kowane ɗan iska ya tambaye ta, sai ta ba shi sunan yanka. Mu tamu mun koya mata alkunya."

Ta kai ni wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da tagulla, a nan na kwance igiya a karon farko. Zanen ya fito yana ɗaukar ido, har Malama ta kai hannu ta shafa shi. Sannan ta yi mini bayani, ni kuwa da ban yi karatu ba na gane, don da dutsen niƙa ta kwatanta. Ta ce za a ba ƙwayar wani dogon lissafi na sirri, shi ne mabuɗi. Duk lokacin da aka kira ta, sai ta ɗauki mabuɗin ta haɗa da wani sabon lissafi da ta tsinta a take, ta niƙa su tare, ta ba mai kira garin. Gari kuwa ba ya komawa tsaba. Mai saurare zai ji suna, amma ba zai iya warware shi ya gano mabuɗin ba, kuma in ya sake kira wani sunan dabam zai ji, har ya ɗauka wani zanen ne ya wuce. Mai mabuɗi kaɗai zai yi irin niƙan a wurinsa, ya ga gari ya yi daidai da gari, ya san nasa ne. Shi kaɗai kuma za ta nuna wa hatimin masaƙin da ya saƙa zanen, don a san ba jabu ba ne.

Na ce, "In an sayar fa?"

Ta ce, "Mai saye ta sa nata mabuɗin, naki ya mutu. Ke ma daga ranar baƙuwa ce a wurinsa. Yanzu zaɓi mabuɗi, kuma kada ki gaya mini."

Na yi tunani na ce na zaɓa. Ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Sunan uwarki ne, ko ba haka ba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kowa haka yake yi, shi ya sa kowa ake kama shi. Abin da zuciyarki ke so, maƙiyinki ya san shi." Ta ba ni ƙoƙo cike da wuri, fararen kuɗin nan na da, ta juya mini baya, ta ce in riƙa watsawa ina lura da waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe, abin da sa'a ta ba ni shi ne mabuɗin. Na yi ta watsawa har hannuna ya gaji. Na haddace shi kamar yadda nake haddace kayan mutane. Ta koya mini yadda ake ɗura shi da wata 'yar allurar tagulla, ta ba ni allurar, ta ce ilimin ba na sayarwa ba ne, in koya wa duk wadda ta tambaya.

Na iso ƙofar Birnin Shuɗi gero ya fara ja a gona, ranar Juma'a da hantsi. Cindo yana tsaye a bakin ƙofa, ya rame ya yi baƙi, bai yi mini sannu ba wannan karon. Ashe a bayana an kafa dokar hana rufe tukunya. Aka tasa ni gaba har tsakiyar kasuwa, aka kira Magaji, mutane suka taru kamar ana rabon gado.

Magaji ya ce, "Buɗe."

In lissafin Malama ya kuskure ko da ƙwayar gero, na kashe tsohuwar nan da hannuna. Na yi bisimilla na ɗaga murfi, na warware zanen a rana. Cindo ya miƙa sanda. Ƙwayar ta amsa. Mai kawo saƙo ya ruga rijiya ya dawo yana haki, ya ce masu saurare ba su san wannan suna ba. Aka sake kira, ta ba da wani. Aka sake, ta ba da wani. Gumi ya karyo wa Magaji.

Ya ce, "Kayan sata ne!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, dokarka cewa ta yi kayan da ba ƙwaya. Ga ƙwaya nan da ranta, har ta fi ka surutu."

Wata bafatakiya mai raƙuma da ta sauka a garin ta matso ta ce tana so, in dai saƙin gaske ne. Muka koma gefe, na buɗe mata ƙwayar da mabuɗina ta ga hatimin masaƙi. Na ba ta 'yan wuri ta watsa, ta fitar da nata mabuɗin a cikin mayafinta, na nuna mata yadda ake ɗurawa. Ta biya da zinari, wanda ba ya tsegumi tun da na manya ne. Matan kasuwa suna kallo, na ga idanunsu suna bin allurar. Kafin dogarai su farga na saka ta a hannun wata 'yar'uwata dillaliya, na raɗa mata abin da ya samu na yadda ake aiki da ita.

Magaji ya miƙe tsaye ya ce, "Tambaya ɗaya, Yalwa. Zanen wane gida ne? Ki faɗa ki ci gaba da sana'arki. Ki ƙi, rana ba za ta faɗi kina cikin birnin nan ba, kuma ba ke ba shi har abada."

A nan aka haife ni. Kabarin uwata yana bayan ganuwar nan. Na dubi rumfunan da na yi wasa a ƙarƙashinsu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi turakunka. Ai ka ce sun san komai."

Aka yanke hukunci. Aka haɗa ni da Cindo ya raka ni ƙofar yamma, da sharaɗin ba zan shiga ɗakin kowa ba. Ga zinari ɗaure a haɓar zanena, ga mai shi ba halin in je gare ta. Sai na ce, "Cindo, ko korarre ai ba a hana shi tuwon Juma'a. Tafiya ce a gabana." Ya ce in ci, yana kallo.

Na bi manyan gidajen da ke kan hanya ɗaya bayan ɗaya. Kowane zaure in zauna cikin baƙi, in ci, in rufe akushi da faifai in miƙa wa matar gida in yi godiya. Cikina ya cika har yana ciwo, ina ta turawa. Ban taɓa cin tuwo da baƙin ciki irin na ranar ba. Cindo ya gaji da tsayuwa, ya fara hamma.

A ɗaya daga cikin zaurukan, tuwon ya fi na ko'ina laushi, don an tsawaita shi da ruwa. Tsohuwar da ke rabawa ta yafa mayafi mai kyau, amma da ta miƙo hannu na ga awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Ashe hatsin bai kai kaka ba sai da ta cire nata bakin daga ciki. Hawaye ya taho mini, na mayar da shi da loma. Na gama, na zame ƙullin daga haɓar zane zuwa cikin akushi, na rufe da faifai, na miƙa da hannu biyu.

Ta karɓa. Nauyin ya ja hannunta ƙasa, ta tare da ɗaya hannun. Cindo yana bakin zaure, maƙwabta suna zaune suna cin abinci. Idan ta yi mini kallon sani ko sau ɗaya, duk tafiyar nan ta tashi a banza.

Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta ce da murya mai sanyi, "Wannan ba ita ce korarriyar ba? Ta ci ta ƙoshi ai. Ku ce ta tashi ta ba mutanen kirki wuri, kada ta ja mana magana."

Na ce, "Allah ya ƙara rufa asiri, Inna."

Ta juya ta shige gida da akushin a ƙirjinta, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ni kuma na tashi na shiga zaure na gaba, na sake wanke hannu, na ci wani tuwon.

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya rufa asirin wanda ya ji, da na wadda ta faɗa.